Taya ta Huɗu

Har yau ban manta da ranar Talatar da Baba Habu ya naɗe dardumarsa, ya ɗauki butarsa, ya fita daga shagonmu ana tsakiyar aiki ba. Ina tsaye a gaban inji da dutse a hannuna lokacin da ya wuce ni, kuma na san da bakina a cikin abin da ya fitar da shi. Baffa ya ce in yi muku bayani a kan tayar injin goge dutse, ku da za ku fara koyon aiki a wannan hutun, yadda take cinyewa da yadda ake canza ta. Idan na tsaya a gabanku zan haɗiye rabin maganar, shi ya sa na rubuta, kuma ban ga hanyar da zan bi ba in ba ta wannan labarin ba.

Shagonmu yana Yakasai, a zauren gidan kakanmu marigayi. Zoben azurfa mai dutse muke yi, aikin kuma kashi biyu ne. Baffa Nasiru, ƙanen mahaifina, shi ne mai shago. Shi ke ƙera azurfa ya ɗaura dutse, shi ke magana da masu saye, amma ba ya zama a gaban inji. Baba Habu shi ne mai dutse. Ba danginmu ba ne, kakanmu ne ya ɗauke shi aiki tun Baffa yana firamare, shi ya sa duk unguwa ana ce wa Baffa Alhaji, shi kaɗai yake ce masa Nasiru. Ni a lokacin ina aji biyu na babbar sakandare, na shekara biyu ina zuwa Asabar da Lahadi da lokacin hutu. Shara da wanke tire da cika tanki aikina ne, kuma an fara ba ni ƙananan duwatsu ina gogewa.

Dutsen zobe, aƙiƙ ne ko wani, ana son ƙasansa a shafe, samansa da doro kamar rabin ƙwai, babu kusurwa ko ɗaya. Ana manna shi a kan ɗan sanda da kaki, a riƙe sandar kamar alƙalami, a riƙa juya shi a jikin taya. Injinmu taya huɗu gare shi a jere a kan ƙarfe ɗaya. Biyun farko baƙaƙe ne masu kaushi, su ke fitar da siffa. Suna cin dutse, dutse yana cin su, kullum suna zubar da ƙwayoyin jikinsu kamar baƙin yashi har su ƙanƙance a canza su. Ta uku ƙarfe ce da aka shafe da garin daimon. Ta huɗu ita ce mai laushi, idan ka danna ta da yatsa tana lotsawa kamar ƙasan silifa, aikinta ta share duk zanen da sauran suka bari kafin a kai dutse kan fata a fito da ƙyallinsa. Daga tankin roba da ke rataye a bango ruwa yake ɗigowa kan kowace taya ta siririn tiyo, don kada dutse ya yi zafi ya tsage, sai ya taru a tire a ƙasa.

Abu na farko da Baba Habu ya koya mini shi ne jiƙaƙƙen dutse maƙaryaci ne. Muddin da ruwa a jikinsa zai yi ta ƙyalli kamar an gama. Sai ka goge shi da ƙyalle ya bushe, ka kai shi bakin ƙofa ka karkata shi a haske, sannan yake nuna maka abin da ke jikinsa.

A hutun bazara ne abin ya faru. Zafi ya yi yawa a shekarar, rijiyar gidanmu ta ƙafe, ruwa sai wanda 'yan garuwa suka turo. Taya ta huɗu ta riga ta tsufa. Launinta ya koɗe, zaren ƙasanta ya fara leƙowa ta gefe, dutsen da a da take sharewa cikin minti uku sai ya ci goma. Baba Habu ya shafa ta da babban yatsa ya ce, "Nasiru, wannan ta yi sallama." Baffa ya tura shi Sabon Gari kamar yadda aka saba, ya sayo sabuwa ranar Litinin ya ɗaura. A makon ne kuma wani Alhaji Mudi, ɗan kasuwa a Kurmi, ya kawo aikin zobe talatin na jan aƙiƙ, za a raba wa abokan ango a bikin ɗansa.

Ranar Alhamis Baba Habu ya busar da wani dutse ya kai bakin ƙofa, sai na ga ya daɗe a tsaye. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Kwarzane ne guda ɗaya, siriri kamar gashi amma mai zurfi, ya ratsa doron dutsen daga gefe zuwa gefe. Ya mayar da dutsen taya ta uku, kwarzanen ya fita. Ya kai shi ta huɗu, ya busar, sai ga wani sabo a wani wajen daban. Kafin la'asar duwatsu shida sun yi haka. Kuma duk lokacin da aka mayar da dutse baya, ƙara ƙanƙancewa yake yi, ga shi Baffa ya riga ya ƙera gidajen azurfar daidai awo.

Baffa ya ce, "Malam Habu, wannan sabuwar tayar ce?"

"Ita ce. Ni ma abin ya ɗaure mini kai."

"A wajen mutumin da muka saba ka saya?"

"Ina kuma zan je, Nasiru?"

Baffa ya koma kan azurfarsa. Amma akwai Ɗanjuma tela, maƙwabcinmu, wanda kekensa ke ƙofar zaure, kunnensa kuma yana cikin zaure. Da yamma Baba Habu ya tafi masallaci da wuri, ina share ƙasa, na ji Ɗanjuma yana cewa, "Alhaji, ni fa tela ne, ban san dutse ba. Amma idan na ba yaro kuɗin shadda ya kawo mini wadda take zuba a wankin farko, ba shaddar nake tuhuma ba."

"Kai Ɗanjuma, ka ji tsoron Allah. Mutumin nan ya goya ni."

"Ai ban ce komai ba. Na dai ji an ce surukinsa ya buɗe irin wannan aikin a Ƙofar Nassarawa. Sabon shago kuwa yana son sabuwar taya. Ruwa ba ya tsami banza."

Baffa ya yi tsaki ya ce ya koma kan kekensa. Amma daga ranar na fara ganin wasu ƙananan abubuwa. Baffa, wanda bai taɓa kula da inji ba, sai ya riƙa tsayawa a bayansa yana kallo. Ya ɗauki kwalin tayar daga kwandon shara ya ajiye a durowa. Da Baba Habu ya fita alwala, na ga Baffa ya kalli jakarsa da ke rataye a ƙusa, bai taɓa ta ba, kallonta kawai ya yi. Shi ma Baba Habu ya rage magana. Mutumin da ke tsokanata kullum yana ce mini Malama Shiru, sai ya wuni bai ce mini komai ba in ban da "miƙo kaki." Tare suke cin abincin rana a kwano ɗaya, amma ranar Asabar Baffa ya ce cikinsa ba daɗi.

Ranar Lahadi da muka rufe, Baffa ya ce in raka shi Shahuci ya karɓo azurfa. Muna tafiya a lungu, ina bayansa, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "Sa'ade, ke idonki ba ya barin komai ya wuce. Ranar da aka kawo tayar nan ina kasuwa. Me kika gani?"

Ban taɓa jin wani babba ya nemi sanin abin da na gani ba. A gida da makaranta, abin da aka sani game da ni shi ne ba na magana. Na ji wani irin daɗi, kuma ba zan ɓoye muku wannan ba. Na faɗa masa abu uku. Na ce kwalin ya zo a buɗe, an sake manne shi da salatif mai ruwan ƙasa, alhali na kamfani fari ne. Na ce bayan ya ɗaura ta, Baba Habu ya ɗauki wani guntun dutse marar amfani ya yi ta danna shi a jikinta tun bayan azahar har kusan la'asar, daga wannan gefe zuwa wancan, ba siffar komai yake fitarwa ba. Na ce kuma tsohuwar tayar bai jefar ba, ya naɗe ta a jarida ya sa a jakarsa ya tafi da ita.

Baffa ya tsaya cak. "Ya yi ta goga mata dutse?"

"E, Baffa."

"Don idan na gan ta a koɗe in ce aiki ne ya koɗar da ita." Ya girgiza kai. "Allah ya yi miki albarka. Kada ki faɗa wa kowa."

Ranar Talata Alhaji Mudi ya zo duba aiki. Ya ɗauki dutse ɗaya ya kai haske, ya ce, "Alhaji Nasiru, wannan kyanwa ce ta yi muku gugar?" Ya ce saura kwana tara biki, idan ba za mu iya ba a gaya masa tun da wuri. Yana fita Baffa ya juya ya ce, "Malam Abubakar, zafin nan ya yi yawa, ga shekaru. Ka je ka ɗan huta kwana biyu, zan neme ka."

Ban taɓa jin ya kira shi da cikakken sunansa ba. Baba Habu ya kashe inji, ya jira tayoyin suka gama juyawa. Ya wanke hannu ya goge a gaban rigarsa. Sai ya ce, "To, Alhaji." Ya ciro jakarsa daga ƙusa, ya buɗe bakinta, ya ɗan riƙe ta a buɗe a gaban Baffa. Baffa ya kawar da kai. Daga nan ya naɗe darduma ya ɗauki buta. Mai hutun kwana biyu ba ya tafiya da buta. Ɗanjuma ya duƙar da kai a kan kekensa kamar zare ya sarƙe masa.

Washegari Baffa ya je Sabon Gari da kansa, wani shago daban, ya sayo wata tayar a rufe da farin salatif. Saboda bai yarda da komai ba, sai da ya kwance injin gaba ɗaya. Ya sauke tanki ya zubar da ruwan ciki ya wanke, ya hura tiyo, ya leƙa ko'ina kamar mai neman laya. Ya sayi sabuwar jarka ya cika tankin. Sannan ya ce, "Sa'ade, kin shekara biyu kina kallo. Zauna."

Duwatsun farko da na goge a sabuwar tayar sun fito da wani hazo, ƙananan zane masu yawa marasa zurfi. Amma da na ci gaba sai hazon ya riƙa raguwa, kafin dutse na biyar ya ɓace. A nan wani abu ya fara damuna. Ashe sabuwar taya tana zuwa da kaifi fiye da yadda ake so, sai ta ɗan ci dutse take kwantawa. Abin da Baba Habu yake yi da guntun dutsen ke nan, yana kwantar da ita a kan abin banza don kada ta huce a kan aikin mutane. Na yi tunanin in faɗa wa Baffa, amma yana ta murna, yana ɗaga dutse yana nuna wa Ɗanjuma yana cewa, "Ka ga taya ta gaskiya." Na ce a raina, ko da wannan ɗaya ya warware, ai sauran biyun suna nan, kuma ga shi kwarzane ya tafi tare da mai shi. Na ɗauki dutse na gaba.

Laraba da Alhamis aiki ya yi kyau, na gama goma sha ɗaya. Ranar Juma'a da safe na zo kafin kowa kamar kullum, na ga tanki ya yi ƙasa, na cika shi. Wajen ƙarfe sha ɗaya na busar da dutse na kai bakin ƙofa. Kwarzane yana kwance a kai, siriri, mai zurfi, daga gefe zuwa gefe.

Na ɓoye dutsen a aljihu. Na ɗauki wani na goge, shi ma haka. Baffa yana can ƙuryar zaure yana hura wuta a kan azurfa, bai gani ba. Tunanin da ya fara zuwa mini, kuma ina jin kunyarsa har yanzu, shi ne ko Baba Habu yana da wani makulli, ko kuma wani abu ya binne mana. Har ƙasan inji na leƙa. Sai na zauna na tambayi kaina, me ya bambanta yau da jiya? Taya ɗaya ce, dutse ɗaya, hannu ɗaya. Abu guda kawai aka taɓa tun jiya, kuma ni na taɓa shi.

A gidanmu ba a zubar da ruwa. Hajiya kakata, ruwan wankin shinkafa na akuya ne, ruwan ɗaurayar kaya na wanke tsakar gida ne, na alwala ma a gindin bishiya ake yi. Idan ta ga ka watsar da ruwa sai ta ce, "Ranar da ka tura kurar ruwa daga Fagge ka dawo, sai ka zubar." Tun da rijiya ta ƙafe, duk safiya idan na ɗauko tiren inji cike da ruwa sai in ji ba zan iya watsarwa a kwata ba. Sai na samu bokiti a bayan zaure ina juyewa, in bar shi ya kwana ya kwanta, da safe in tace da rariyar shayi in mayar tanki. A ido garau yake. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya hana ni, ba kuma wanda ya sani, domin da sassafe nake yi. Ina ma jiran ranar da Baffa zai lura jarka tana daɗewa ya tambaya, in ce ni ce. Na lissafa baya, sai na ga a makon da aka ɗaura tayar Baba Habu na fara.

Da aka tafi masallacin Juma'a na shiga gida na ɗauko farin murfin kwano. Na tara shi a ƙarƙashin tiyon taya ta huɗu, na bar ruwa yana ɗiga. Bayan kamar minti goma na tsiyaye a hankali na kai haske. A ƙasan murfin akwai baƙaƙen ƙwayoyi guda bakwai ko takwas, ƙanana kamar garin barkono, suna ƙyalli. Yashin baƙaƙen tayoyi ne. Ramin rariyar shayi a wajensu ƙofar gari ce. Na shafa fuskar tayar da yatsa ina juya ta da hannu a hankali, sai na ji wani abu ya ɗan kama fatata kamar ƙaya. Na ci gaba, na ji na biyu. A jikin tayar ƙarfe ƙwayar ba ta samun wurin zama, ruwa ya wanke ta. A jikin mai laushi kuwa, dutse ne da kansa yake danna ta ciki, ta zauna daram, ta riƙa yankar duk abin da ya biyo.

Na zauna a kan benci da murfin a cinyata. Zan iya zubar da bokitin, in wanke tanki, in ce wannan tayar ma ta lalace, ba wanda zai taɓa sani. Baffa zai ce duk tayoyin yanzu jabu ne. Baba Habu kuma zai ci gaba da zama a gida, unguwa tana cewa an kama shi da abin da ba a faɗa. Na san an fara, domin da safe na ji matar Ɗanjuma tana gaya wa mai ƙosai. Na kuma san idan na faɗa, taya biyu na kashe, da duwatsun mutane, da mutuncin dattijo.

Baffa ya dawo yana cire hula yana fifita da ita. Sai kawai na ajiye murfin a kan teburinsa, na ajiye duwatsun biyu a gefe, na je na ɗauko bokitin na dire a gabansa.

"Mene ne wannan?"

"Ruwan tire ne, Baffa. Ni nake mayarwa tanki."

"Tun yaushe?"

Na faɗa masa. Ya daɗe yana kallon murfin. Ya dangwali ƙwayoyin da yatsa ya murza a kan farcensa, suka bar zane. Na jira faɗa, har na fi son ya yi faɗan. Abin da ya ce kawai shi ne, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sa hijabinki."

Ɗanjuma ya ɗago ya ce, "Alhaji, lafiya?"

Baffa ya ce, "Ɗinka abin da ke gabanka."

Gidan Baba Habu yana bayan Ƙofar Nassarawa. Mun same shi a zaure a kan tabarma, yana gyara wata tsohuwar rediyo. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, irin ta mutanen da ba su san juna sosai ba. Na durƙusa a bakin ƙofa. Baffa ya ce, "Sa'ade, faɗa masa abin da kika faɗa mini. Duka. Har na hanyar Shahuci."

Na faɗa, idona a kan tabarma. Da na zo kan bokiti sai ya katse ni.

"Kwana nawa kike barinsa ya kwanta?"

"Kwana ɗaya, Baba."

"Kina juyewa har ƙasa?"

"Ina rage kaɗan."

"Da me kike tacewa?"

"Rariyar shayi."

Ya ɗan yi dariya ta hanci. "Rariyar shayi. Jikar Hajiya ke nan." Ya ce shi ma ya yi zargin ruwa, har ya leƙa tanki ya gan shi garau, ya ga kuma jarkar ɗan garuwa a gefe, sai ya bar maganar. Daga nan na faɗi abubuwa ukun da na gaya wa Baffa. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya ajiye sukurdireba ya juya wajen Baffa.

"Kwali, ni na buɗe shi a gaban mai shago. Ban taɓa sayen taya ban shafa ta ba, mahaifinka ne ya koya mini. Tsohuwar kuma, gaskiya ne, surukina na kai wa. Tsohuwar taya mai laushi ba ta aikinmu, amma mai farawa yana lallaɓawa da ita. Alhaji marigayi ya ce mini duk wadda ta mutu tawa ce. Ban san izinin ya mutu tare da shi ba."

Baffa ya ce, "Baba, ka yi wa Allah ka yi haƙuri. Sharrin shaiɗan ne."

"Ka san abin da na zauna ina tunani kwana ukun nan? Cewa na yi ka ga idona ya fara rauni, kana jin nauyin sallamata, shi ne kake sa wani abu a tayar idan na fita salla. Ni ma na zarge ka. Kowa ya ci nasa rabon."

Baffa ya sunkuyar da kai. Ya ce saura kwana shida bikin Alhaji Mudi.

"Na sani. Ina lissafe." Ya ce tayoyin biyu ba lallai sun mutu ba, za a iya cire ƙwayoyin da bakin allura ɗaya bayan ɗaya, a wanke da buroshi, amma ba zai sake yarda da su a kan aikin mutane ba sai ya gwada. "Gobe zan zo. Amma Sabon Gari na gama zuwa ni kaɗai. Duk ranar da za a sayi taya, ƙafarka ƙafata."

"Haba Baba, ai magana ta wuce."

"Ta wuce. Ƙafarka ƙafata."

Ya dawo ranar Asabar. Mun wuni ni da shi muna tsintar ƙwayoyi da allura, yana riƙe da gilashin ƙara girma, ina nuna masa inda yatsana ya ji. Taya ɗaya ta tsira, ɗaya ba ta tsira ba. Duwatsu huɗu sun ƙanƙance har Baffa ya sake ƙera musu gida. An kai wa Alhaji Mudi zobensa ana gobe biki. Baffa da kansa ya tsaya a ƙofar zaure ya ba da labarin bokiti da ƙarfi yadda duk layin zai ji, Ɗanjuma yana cewa, "Ai ni dama na ce Malam Habu ba zai yi haka ba."

Muna cikin tsintar nan ne na samu na ce, "Baba, ka yafe mini."

Bai ɗago daga kan gilashin ba. Ya ce, "Na ruwa na yafe tun a zaure. Wanda bai yi kuskure a gaban inji ba, bai zauna a gabansa ba. Ɗayan ne yake mini ciwo. Kina tsaye a nan, tsakanina da ke bai kai kamu biyu ba, ina goga dutse tun azahar har la'asar. Kalma huɗu ce, Sa'adatu. Baba, me kake yi? Kika riƙe ta kwana shida, kika kai wa wanda bai san amsarta ba."

Muka ci gaba da tsinta.

To, ga abin da zan gaya muku. Ruwan da ya sauka a tire ya gama aikinsa a shago, ku kai wa Hajiya ta wanke tsakar gida da shi. Ku wanke dutse da hannuwanku kafin ku tashi daga taya mai kaushi zuwa mai laushi. Ku riƙa yawo da dutse a duk faɗin taya, kada ku tsaya a tsakiya ku yi mata rami. Sabuwa kuma a kwantar da ita da guntun dutse kafin a ba ta aikin mutane. Waɗannan duk za ku iya su cikin mako ɗaya.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne wannan. A hanyar Shahuci ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Duk abin da na faɗa na gan shi da idona, kuma haka ya faru. Amma da shi aka kusa raba dattijo da aikin da ya yi tun kafin a haife ni. A sana'ar nan za ku ga manya suna yin abubuwa da yawa da ba za ku gane dalilinsu ba, kuma ba su cika yin bayani ba sai an tambaye su. Ku tambayi mai hannun, a lokacin, yana kan yi. Baba Habu zai ce kun cika surutu, zai ce ku bar shi ya ji da abin da ke gabansa. Ku jure, ku tsaya a wurin. Yana gama mitar zai amsa.